Hawayen Idon Hagu

Ƙarfe tara da kwata na safe aka bugo waya caji ofis cewa an yi sata a wani ofishin 'yan fim. Sufeto ya ja tsaki tun kafin ya ajiye wayar. Shekara ashirin yana aikin nan, amma har yau jininsa bai haɗu da binciken mutanen da kwaikwayo ne sana'arsu ba. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje, suka fita.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran waya. Matar da ta tarbe su ita ce mai zaɓen 'yan wasa, wadda ke tantance waɗanda za su fito a fim kafin darakta ya yanke hukunci. Uwar Ɗaki kowa ke ce mata. Gajeriya ce, da tabarau a goshi, tana kallon mutum kamar za ta taya shi.

Ta kai su ɗakin gwaji. Shuɗin labule a bango, fitilu biyu, kyamara a kan ƙafafunta uku, sai alamar da aka manna a ƙasa inda mai gwaji ke tsayawa.

"Me aka ɗauka?"

"Katin kyamara. Bai fi farcen babban yatsa ba."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Gwajin mutum talatin da ɗaya na jiya yana ciki."

Sufeto ya duba ƙofa, ba a taɓa kwaɗon ba. Kwamfuta na kan tebur, kyamara na tsaye. Wanda ya bar waɗannan ya ɗauki kati, ɗan gida ne.

Uwar Ɗaki ta ce ƙarfe huɗu darakta zai zo ya zaɓi jarumar fim ɗin. Furodusa ya nace sai wata sananniya, ita kuwa ta samo wadda ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, wata malamar firamare, lamba sha bakwai. Wata huɗu tana neman irinta. In babu katin, darakta ba zai gan ta ba, kuma da safen nan malamar ta turo saƙo cewa ta janye.

Sufeto ya tambayi yadda take gwajin. Ta ce doka biyu gare ta. Ba wanda ke kallon gwajinsa, allon kyamarar ma ita yake fuskanta. Sannan in ta ce wa mutum an gode, ba ta kashe kyamara sai ya fita. 'Yar jar fitilar da ke nuna kyamara na ɗauka ma ta liƙe ta da baƙin salatif.

"Abin da fuska ke yi bayan ta ɗauka an gama, shi nake zaɓa," in ji ta.

"Wa ya san da wannan?"

"Ni da Dogo, mai kyamara."

"Makulli fa?"

"Ni, Dogo, sai Murya."

Murya shi ne mai karanta wa masu gwaji layin abokin wasa daga bayan kyamara. Shekara tara yana yi mata. Ta ƙara da cewa jiya, malamar na gama gwajinta, furodusa ya kira, ta fita baranda ta yi kamar minti biyar.

Dogo ya shigo yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba. Ya ce bai ɗaga daga bayan kyamara ba duk yinin jiya, kuma sirrin salatif bai taɓa fita daga bakinsa ba. Saje ya buɗe ɗan littafinsa, ya karanta abin da mai gyaran waya na ƙasa ya faɗa: wajen sha biyun rana Dogo ya sauko ya sha taba a bakin shagonsa.

Sufeto ya juyo wurin Dogo.

"Sanda ka sauka, wa ka bari a ɗakin?"

"Murya, ranka ya daɗe. Da malamar."

"Sirrin fa?"

Ya sunkuyar da kai. Da yamma suna naɗe wayoyi, Murya ya tambaye shi me ke cinye batirin kyamarar haka, shi kuma don neman suna ya faɗa masa. Ya ce mutumin bai yi dariya ba, sai ya nemi kujera ya zauna.

Sun sami malamar a makarantarta lokacin hutun cin abinci, hannunta duk alli, yara na ihu a fili. Ta ce ba ta da lafiya ne shi ya sa ta janye. Sufeto ya dubi matar da ta yi aji huɗu tun safe a tsaye, bai musa mata ba. Ya dai gaya mata cewa bayan Uwar Ɗaki ta fita, kyamarar a kunne take.

Ta buɗe jakarta ta ciro takardar layin da aka ba ta. A bayanta an rubuta lambar ɗakin otal da lokaci. Ta ce Murya ya zagayo daga bayan kyamara kamar zai gyara mata tsayuwa, ya riƙe mata wuyan hannu, ya ce zaɓen a hannunsa yake, kuma duk wadda ta gani a allo ta nan ta bi.

"Sa'an babana ne," in ji ta. "Kuma na ɗauka da saninta. Na ɗauka shi ya sa ta fita."

Ƙyama ta kama Sufeto. Ya ga gawa, ya ga 'yan fashi, amma irin wannan ƙazantar mai turare ita ce ba ya iya sabawa da ita. Ya karɓi takardar da lambar wayar malamar. Bai roƙe ta komai ba.

Ƙarfe uku da rabi Murya ya iso ofishin. Ya ba sittin baya, gashi ya sha baƙin rini, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya gaisa da murya mai daɗi, irin wadda ke sa mutum ya yarda tun kafin ya ji magana. A samartakarsa an ɗan san shi, in ji Uwar Ɗaki, kuma jiya ta tausaya masa ta bar shi ya gwada matsayin uban jaruma, karon farko a shekara tara da ya tsaya a gaban kyamarar.

Sufeto ya tambaye shi inda ya nufa bayan an tashi. Ya ce ƙarfe biyar ya fita, ya biya kantin magani, ya wuce gida wurin iyali. Sufeto ya sa ya maimaita har sau uku. Duk ukun kalma ɗaya ba ta sauya ba, har ajiyar zuciyar da yake yi kafin ya ce iyali a wuri ɗaya take faɗowa. Da aka nuna masa takardar, ya yi murmushin tausayi, ya ce yaran nan in ba su samu ba babu sharrin da ba sa ƙullawa.

Sufeto ya rufe fayil kamar ya haƙura.

"To shi ke nan. Kai dai ba ka yi asara ba, tunda an ce gwajinka ba abin kirki. Wai ka matse ido, hawaye ya ƙi zuwa."

Murmushin ya ɓace.

"Wa ya ce?"

"Haka na ji."

"Ƙarya ne. A minti na biyu hawayen ya sauko ta idon hagu, daidai kan kalmar ƙarshe. Har fitila ta kama shi yana ƙyalli a kumatuna. A duba a gani."

"A duba a ina?"

Uwar Ɗaki ta sauke tabarau daga goshinta a hankali.

"Ba wanda ke ganin gwajinsa a nan," in ji Sufeto. "Kai a ina ka ga ƙyallin?"

Saje ya caje shi. Katin na cikin gidan tabaransa, an naɗe shi da auduga kamar ƙwai.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce ya dawo ƙarfe shida da makullinsa, da niyyar ya karya katin ya jefa a kwata. Amma ya ce bari ya ɗan kalli nasa sau ɗaya tukuna. Ya kalla sau goma sha ɗaya, ya kasa karya shi. Sufeto ya tambaye shi mata nawa ya yi wa haka. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai ƙirga ba, haka harkar take.

Uwar Ɗaki ta dafa tebur. Ita da ake yabo da ido, shekara tara tana kallon gaban kyamara, ba ta taɓa waiwayawa bayanta ba. Ta faɗi haka da bakinta, kuma Sufeto bai ba ta haƙuri ba, don gaskiya ta faɗa.

Ya bari ta kwafi gwajin kafin katin ya shiga ambulan shaida. Sannan ya kira malamar, ya gaya mata an kama mutumin, kuma Uwar Ɗaki ba ta da hannu. Ya ce za a iya yanke ƙarshen gwajinta kafin darakta ya gani, in ma ta yarda a nuna ke nan.

"Ku nuna masa," in ji ta. "Kada a yanke komai."

Saje ya sa wa Murya ankwa. Sun kai bakin ƙofa ya tirje, ya juyo wurin Uwar Ɗaki. Sufeto ya zaci gafara zai nema.

"Nawa gwajin fa? Shi ma darakta zai gani?"

"Naka ban kwafa ba," in ji ta. "Amma zai gan ka. Minti huɗu ka yi a cikin nata."

A kan matakala suka yi kiciɓis da darakta yana hawowa. Murya ya miƙe ƙirji, ya juya masa kumatun hagu. Sufeto ya tura ƙeyarsa suka ci gaba da sauka, da suka shiga mota kuma ya ce wa Saje ya sauke gilasai duka, turaren ya ishe shi.