Jirgin da Ya Tsaya Saman Karakkai

Ranar Talata da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Bungudu: an ga wani abu mai ƙyalli a sararin Karakkai. Kun san halin da ake ciki, kowa ya ce jirgin leƙen asirin 'yan bindiga ne. Kafin azahar soja sun iso daga Gusau, Kyaftin Khalid ya hana kowa zuwa gona sai an gano abin. Ga gero ya nuna, ga tsuntsaye sun samu biki.

Washegari aka haɗa Kyaftin da Sufeto Ɗayyabu, wanda matarsa Juwairiyya 'yar garin ce. Bawan Allah, da ya sani da ya kwanta ciwon ƙarya.

Shaidu bakwai suka ce abin bai gusa ba, rawa kawai yake in iska ta kaɗa. Na takwas shi ne Malam Yari, mahaifin Juwairiyya. Sufeto ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Tambaye shi mana!" in ji Kyaftin.

"Baba, me aka gani?"

"Jirgi ne, shina gurnani. Ya yi daji."

"Sauran sun ce bai motsa ba, Baba."

"Idonsu ne bai motsa ba."

Sufeto ya rubuta. Wa zai ƙaryata suruki?

Suka bi inda shaidu suka nuna, sai ga su a gonar Malam Yari. A reshen gawo akwai dogon zare, an yanke shi da lauje. Zaren ruwan hoda ne. Sufeto ya san inda ya taɓa ganinsa. Ya koma gefe ya kira gida.

"Juwairiyya, ina balan-balan ɗin nan mai ƙyalli na sunan jaririya?"

"Babban? Ai Baba ya tafi da shi ran Lahadi. Lafiya?"

Ya kashe waya. Zai iya yin shiru. To amma kwana biyu ke nan geron gari na shiga cikin tsuntsaye.

Ya koma ya sake durƙusawa.

"Baba, a yi haƙuri, a buɗe mana rumbu."

Tsohon ya kai su bakin rumbun. Da ya ɗaga murfin, sai jirgin 'yan bindiga ya taso a hankali, ya yi laushi, yana layi.

"Don korar tsuntsaye na ɗaure shi," in ji Malam Yari. "Da na ga motocin soja sai na yanke. Ina limamin unguwa, in fito in ce wasan yara na ɗaga? Sai ƙarya ta zo bakina."

"Ba da bayanin ƙarya laifi ne. Ɗauke shi, Sufeto," in ji Kyaftin. "A gaya wa mutane su koma gona."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya buɗe wa surukinsa gaban mota, shi ya hau baya, riƙe da zaren shaida. Mata sun cika kan katanga har da masu goyo.

Kyaftin ya juya balan-balan ɗin, ya karanta rubutun jikinsa da ƙarfi don rahoto.

"Barka da zuwa, Muzdalifa. Wace ce kuma Muzdalifa?"

Sufeto ya ja hularsa har kan hanci.

"'Yata ce, Yallaɓai."