Gurbi Ɗaya a Tashar Gida

Ranar da aka tara sababbin matuƙa a ɗakin karatu na kamfanin jiragen, ita ce ta shigo a ƙarshe. Kujera ɗaya ta rage, kusa da wani dogon mutum mai natsuwa. Ya janye jakarsa ya ba ta wuri. Sai da ta zauna ta lura da hannunsa, yatsu masu kauri da tabon ƙuna a baya, irin na wanda ya daɗe yana mu'amala da ƙarfe mai zafi.

Su goma sha ɗaya ne a ajin. Shugabar horo ta ce musu a wannan aiki komai lamba ce. Wanda ya riga ka shiga kamfani ko da kwana ɗaya ne, shi zai riga ka zaɓen garin zama, da irin jirgi, da ranakun hutu, har zuwa ranar da za ka zama kyaftin. Waɗanda suka shigo rana ɗaya kuwa, shekarun haihuwa ke jera su.

Da aka karanto jerin, mutumin da ke gefenta ne na ɗaya, ita ce ta goma sha ɗaya. Wani daga baya ya ce to ga autar aji, aka yi dariya. Ita ma ta yi, don ko a gida Auta ake kiranta.

"Kada ki damu," in ji maƙwabcin nata a hankali. "Tsufa ne ya ba ni, ba ƙoƙari ba."

Injiniya suke ce masa. Shekara tara ya yi yana gyaran injin jirgi kafin ya koyi tuƙinsa. Aka haɗa su biyu a na'urar gwajin tuƙi, suka yi wata biyu kafaɗa da kafaɗa a cikin wannan akwati mai girgiza. Shi ya san abin da ke cikin jirgi kamar tafin hannunsa, ita kuma hannunta ya fi nasa laushi wajen sauka. In ya buga ƙasa da ƙarfi sai ta ce masa ai jirgin ba bango ba ne, Yayan aji. In ta manta wani maɓalli sai ya nuna shi da ido kawai, ya yi kamar bai gani ba.

Ba ta san ranar da ta fara jiran saƙonsa na safe ba.

"Autata, kin karanta babin mai? Yau za a tambaye mu. Kuma ki ci wani abu kafin ki fito, jiya na ji cikinki ya fi injin ƙara."

Ta amsa: "Na karanta, Yayan aji. Kunnenka ne ya saba jin abin da ya lalace ko babu."

Wata rana da yamma suna zaune a benci suna kallon jirage na tashi, ta gaya masa abin da ba ta gaya wa kowa ba. Abbanta ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Umma ta rasu tuntuni, yayyenta suna garuruwa masu nisa da iyalansu, sai Gwaggo ce ke kwana da shi, ita ma ƙafa ta fara gaza mata. Kamfanin yana da tashoshi uku, ɗaya a nan garinsu. A takardar zaɓi ta ga gurbi ɗaya tak a tashar gida, a kan ƙaramin jirgi mai farfela. Kowa jet yake so, wato babban jirgi marar farfela, domin shi ne hanyar manyan kamfanoni, wanda kuma ya ɗauki mai farfela sai ya shekara biyu kafin a bar shi ya canza.

"Babu mai son gurbin nan," ta ce. "Ina ga zai gangaro har kaina."

Ya ce Allah Ya sa. Ya ƙara da cewa yana so ya zo ya gaida Abba, in ta ba shi izini. Ta sunkuyar da kai, ta ce sai bayan zaɓe.

Akwai wani a ajin, na biyar a jeri, Ɗan Kyaftin suke kiransa don mahaifinsa tsohon matuƙi ne. Ya sha kawo mata tayin rage hanya tana kaucewa, har ya taɓa ce mata shi ya san yadda ake samun abu a kamfanin nan, ta dai riƙe shi da kyau.

Ranar zaɓe aka karɓe wayoyi a bakin ƙofa, aka haska guraben a allo. Aka kira na ɗaya. Injiniya ya miƙe, bai kalli gefenta ba, ya ce tashar gida, mai farfela.

Kowa ya juyo yana kallonsa. Har shugabar horo ta sake tambayarsa ko ya fahimci sharaɗin shekara biyu. Ya ce ya fahimta.

Auta ta ji kamar an zare mata kujera. Da aka zo kanta, abin da ya rage kenan, mai farfela a tasha mafi nisa, a matsayin mai jiran kira. Ta sa hannu, ta karɓi wayarta, ta fita. Ya biyo ta yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba. A mota ta rubuta masa:

"Kai kaɗai na gaya wa. Na gode da ka nuna min wautata da wuri. Kada ka sake nemana."

Ta rufe lambarsa.

A sabon garin ta kama gado a wani ɗaki da mata huɗu ma'aikatan jirgi suke haya tare. Rayuwar mai jiran kira ita ce ka zauna da kayan aiki a goge, jaka a ɗaure, waya a hannu, ko a neme ka cikin awa biyu ko a yini ba a neme ka ba. Ranakun hutunta ta kan roƙi kujerar da ta rage a jirgi ta je ta ga Abba, wani lokacin jirgin ya cika a bar ta a tsaye. Sau biyu ta rasa ranar ganin likitansa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk fushinta, in ta yi sauka mai kyau shi take so ta fara gaya wa.

Ɗan Kyaftin ya riƙa kira yana jajanta mata. Wata rana bakinsa ya zarce, ya ce ai da wancan bakaniken bai yi masa shigar sauri ba, shi ya yi niyyar ɗaukar gurbin, da yanzu in tana son gurbin sai dai ta zo su daidaita a tsakaninsu. Ta tambaye shi wa ya gaya wa wannan niyya. Ya ce a layin karɓar wayoyi ya faɗa wa abokinsa, Injiniya na tsaye a bayansu.

Ta kashe wayar, ta tuna yadda Injiniya ya miƙe ranar zaɓe bai kalli gefenta ba.

Kwana tara bayan haka, ranar da suka cika wata uku a aiki, ofishin tsara ma'aikata ya aiko mata da takarda. Doka ta yarda matuƙa biyu masu irin jirgi ɗaya su yi musayar tasha bayan wata uku. An shigar da buƙata da sunanta, ɗaya ɓangaren ya riga ya sa hannu tun ƙarfe takwas na safe.

Ta buɗe lambarsa. Ta rubuta: "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Amsa ta zo nan take, kamar yana riƙe da wayar.

"A layi na ji, babu lokaci. Bayan nan kin rufe ƙofa, na ga in na aiko wani da bayani za ki ce daɗin baki ne, gara takardar ta yi magana. Da na ɗauki jet ba za a bari mu yi musaya ba. Ki sa hannu, Autata, Abba na jira."

Ta kira shi. Ta ce ya jefar da shekara biyu saboda ita, shi da ya riga ya makara a aikin. Ya ce ya yi tara a ƙarƙashin jirgi yana kallon wasu na tashi, biyu a cikinsa ba za su kashe shi ba. Ta nemi gafararsa, ya ce shi ma da shi ne haka zai zata.

Ta dawo gida, shi ya koma can. Hutunsa na farko ya zo gaida Abba. Tsohon yana kujerarsa ta bakin taga, maganarsa na fita a hankali amma hankalinsa garau. Ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya a kan musayar, sannan ya ce bai amince ba.

"Alherinka daban, aure daban," ya ce. "Kai a wani gari, ita a wani, kowa da jakarsa a hannu. Wa zai kasance a gidan? Ni na yi aure ne ina dawowa kullum in tarar da uwarta. Ba na so 'yata ta auri waya."

Injiniya bai yi gardama ba. Ya ce maganar Abba gaskiya ce, ba kuma zai yi alƙawarin ranar da ba a hannunsa take ba. Komawarsa tashar gida sai an ɗauki sababbi sun shiga ƙasansa, gurbi kuma ya buɗe. Ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa gaisuwa.

Ya riƙa zuwa kuwa. Wani zuwan ya tarar Auta na can sama a bakin aiki, sai ya zauna da Abba su biyu, ya gyara ƙafar keken guragun da ke karkata, ya kai shi wurin gashin ƙashi, ya saurari labarin da ya riga ya ji sau uku. Gwaggo ta fara ajiye masa kwanonsa daban. Ita ce ta ce wa Abba, ƙanin nata, wata rana, a gaban Auta, wannan da ka ce ba ya gari ya fi 'ya'yanka maza ganin fuskarka.

Auta ba ta matsa ba, ko da yake jiran ya yi mata tsawo. Aji biyu aka ɗauka a bayansu. An buɗe gurbi sau ɗaya, wani da ya girme shi a aiki ya ɗauke. A wata na takwas da musayar, saƙonsa ya same ta tana duba tayoyin jirgi kafin tashi.

"An ba ni. Ɗaya ga wata zan dawo. Jiran kira zan koma yi, amma a garinku."

Da ta karanta wa Abba saƙon, ya ce ta sake karantawa. Sannan ya ce a gaya wa yaron ya turo manyansa. Ya ce shi ba saƙon ne ya sauya masa ra'ayi ba, tun ranar da ya ga mutumin ya sauko daga aikin kwana uku ya zo ya durƙusa yana yanke masa farce ya gama yanke shawara, ya dai so ya ga iyakar haƙurinsa.

Aka ɗaura auren a falon gidan don kada a wahalar da Abba. Yayyenta duk suka zo, 'yan ajinsu shida suka samu hutu, sauran suka aiko da gaisuwa daga garuruwan da aiki ya kai su. Kwana huɗu kacal kamfani ya ba ango da amarya, suka kama gida a layi na biyu da na Abba.

Da za ta tafi, ta durƙusa a gabansa tana kuka. Abba ya kira angon ya ce shi ma ya matso.

"Aikinku na tafiya ne," ya ce. "Duk wanda ya riga dawowa ya jira ɗan'uwansa da fuska a sake. Allah Ya kai ku lafiya, Ya sauke ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Falon ya amsa da amin. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi, ta ce to a tashi haka nan, kada a sa tsoho kuka a gaban surukinsa.