Jemagun Kogon Dinder

"Ba ni ba da jikata ga mutumin da maƙwabtanai birai ne."

Iya ta faɗi haka tana shafa ƙullun kisra, siririyar wainar mutanen Sudan, a kasko, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haba Iya, ba cikin birai yake kwana ba," in ji Juwairiyya. "Yana da gida a ƙauyensu kamar kowa. Aiki ne kawai yake kai shi Hazira."

"Aikin mi? Gadin ɓauna? Wa za ya saci ɓauna?"

Idon Juwairiyya ya ciko. Hazira ita ce babban gandun dajin Dinder na ƙasar Sudan, can Zaharaddini yake aikin tsaron namun daji. Tun da kakar bara yake zuwa zance wajenta, har yau Iya ba ta taɓa amsa gaisuwarsa da fiye da "lahiya" ba. Ita kuwa Iya ce ta rene ta tun tana goye, bayan rasuwar mahaifiyarta. Juwairiyya ta riga ta gaya masa gaskiya: in Iya ba ta yarda ba, babu aure, ko da zuciyarta za ta tsage.

Da yamma ta kira shi a waya tana sheshsheƙa.

"Ya habibti, daina kuka," ya ce da Hausarsa mai gaurayen Larabci. "Ki kawo min ita Hazira ranar hutuna. Ta ga wurin da idonta."

Abin mamaki, Iya ta yarda. Ta ce za ta je ne ta ƙaro hujja.

Da sallar asuba suka hau boksi, motar a-kori-kura da Zaharaddini ya aro. Iya a gaba ta naɗe cikin tobinta, wato lafayarta, ta rungume kwandon guzuri. Juwairiyya a baya tare da Kawu Mati, ɗan Iya, wanda ya zo rakiya da wata ƙatuwar gora.

"Mu jinin maharban Sakkwato ne," yake ta faɗa a hanya. "Zaki in ya ji warinmu, canja hanya yake yi."

Hantsi ya yi suka shiga dajin. A bakin wata fadama mai kore shar suka tarar da garken ɓauna, ga bareyi suna kiwo, ga zabin daji kamar an zuba su. Juwairiyya ta kasa rufe baki. Iya ta leƙa ta taga ta taɓe baki.

"Duk naman ga, ba mai yanka ko ɗaya? To mi ne amfaninka?"

"Hana yankawar ne aikina, Habboba," in ji Zaharaddini, yana kiran ta kaka da Larabcin Sudan.

"Ka ji ko."

Suka sauka cin abinci a gindin wata tsamiya. Iya na kwance bakin kwando sai ga wani ƙaton gwaggon biri ya sauko a natse, ya zauna a gabanta, ya ɗauki ƙullin dabino, ya dube ta ido cikin ido, ya tafi abinsa.

Iya ta juya ga Zaharaddini. "Maƙwabcinka ko sallama bai iya ba."

Juwairiyya ta toshe baki da gyale. Zaharaddini kuwa gumi ya keto masa.

Daga nan suka taka da ƙafa zuwa wani ɗan dutse. A hanya Kawu Mati ya hango rami, ya ce na zomo ne.

"Kawu, kada ka taɓa, wannan ramin..."

Kafin Zaharaddini ya ƙarasa, Kawu ya zura gora. Gadu ya fito a guje da haurensa, wutsiya a tsaye, ya bi ta tsakanin ƙafafunsa. Kawu Mati ya zauna daɓas cikin ƙura, rawani ya yi gabas, gora ta yi yamma.

"Na ƙyale shi ne," ya ce yana kakkaɓe jallabiya. "Ai doka ta hana."

A gindin dutsen akwai kogo mai duhu da sanyi. Zaharaddini ya tsaya nesa da bakinsa, ya ce daga nan ma an ga komai, a juya. Juwairiyya ta lura muryarsa ta canja. Iya ma ta lura.

"Shiga za ni yi," ta ce, ta dogara sandarta ta wuce.

Dole suka bi ta da hasken waya. Sun ɗan yi nisa Kawu Mati ya yi atishawa. Rufin kogon gaba ɗaya ya motsa, jemagu suka taso kamar hayaƙi suna tsuwa. Kawu bai tsaya neman gora ba, sai ƙarar takalmansa aka ji a waje. Iya ta juya da sauri, gwiwarta mai ciwo ta riƙe, ta zube zaune.

"Iya!" Juwairiyya ta durƙusa ta yi ta ja, ta kasa ɗaga ta. Ta waiwaya neman Zaharaddini, ta gan shi manne da bango, ido a rufe, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

"Zaharaddini... tsoron jemage kake ji?"

"Tun ina yaro," ya ce da ƙyar. "Zaki da sauƙi, wallahi."

Duk da haka ya lallaɓo, ya durƙusa a gaban Iya. "Hau bayana, Habboba. Amma ba zan iya buɗe ido ba. Ke za ki nuna hanya."

Haka aka fito. Iya a goye ta kama kunnuwansa tana juya shi. "Dama. Na ce dama, kai ba ka san hannun cin tuwo ba? Duƙa, ga dutse." Jemagu na shafar kansa, yana salati da ƙarfi, amma hannunsa bai sassauta ba. Juwairiyya na biye da su da haske, dariya da hawaye sun haɗe mata.

A waje ya sauke ta a inuwa, ya jiƙa rawaninsa da ruwa ya ɗaure mata gwiwa. Iya ta daɗe tana kallonsa.

"Mi ya hana ka gudu kamar wancan?" Ta nuna Kawu Mati, wanda ya riga ya shige mota ya ɗaga gilashi.

"In na bar ki, da wane ido zan kalli Juwairiyya?"

Iya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tobinta. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Ni ba birai ne damuwata ba. Ita kaɗai gare ni a gida. In ka tahi da ita, wa za ya ce mini ina kwana?"

Juwairiyya ta faɗa jikinta tana kuka. "Ba inda za ni in bar ki, Iya. Na gaya masa tun farko."

"Ta gaya min," in ji Zaharaddini. "Shi ya sa na gina ɗaki biyu. Naki ne mai kallon gabas, Habboba. Na so in faɗa miki, ba ki taɓa bari na wuce gaisuwa ba."

Iya ta share ido da sauri, ta gyara zama, ta ɗaure fuska.

"Ka turo manyanka ran Juma'a. Kuma ka daina ce mini Habboba, Iya nike."

Juwairiyya ta dube shi ta kan kafaɗar Iya. Ya motsa leɓe ba sauti: "Rabin raina." Ta rufe fuska da gyale.

A hanyar komawa mazan biyu suka roƙi Iya ta rufa musu asiri a gari. Ta yi alkawari za ta rufa wa surukinta. Shi kuwa Kawu Mati, kafin motar ta gama tsayawa a ƙofar gida, ta riga ta leƙa ta taga tana kiran maƙwabta su zo su ji labarinsa.