Kabarin da Ya Tsiro a Filin Tela

Ranar da kotu ta sa za a yi gwanjon filin Tela, sai aka wayi gari da sabon kabari a tsakiyarsa. Ma'aikacin kotu ne ya bugo waya ofishin 'yan sanda.

Insifekta ya iso ya tarar masu saye goma sha ɗaya sun ja baya, kowa na neman takalminsa. Wa zai gina ɗakin kwana a kan mamaci?

Tela dai jingina ya yi da filin a banki ya sayo kekunan ɗinki, kasuwa ta juya masa baya. Kowa ya ce shi ya haƙa don ya hana sayarwa.

Insifekta ya dubi Tela. "Kai ka yi wannan aikin?"

"Ranka ya daɗe, ni da nake addu'ar a yi tsada? Abin da ya ragu bayan banki ya ɗauki nasa, da shi zan kama wa iyalina haya. In ya tafi a banza, titi za mu kwana."

Insifekta ya ji tausayinsa, ya kuma ga gaskiyarsa. Ya sa Sajan ya tone. Sajan, wanda ko kyankyaso ba ya son takawa, ya yi ta karance-karance yana gumi. Mamacin ya fito: buhun siminti uku cike da yashi.

Insifekta ya tsuguna bakin ramin. Gefensa sumul kamar an goga, kusurwa huɗu cif, ga ramukan turaku inda aka ja igiya. Wannan ba hannun ɓarawo mai sauri ba ne.

Ya tambayi ma'aikacin kotu ko akwai wanda bai gudu ba. Aka nuna masa mutum guda a inuwa, ya rungume jaka. Magini ne, ƙanin matar Tela. Ya rantse ya zo ne kawai taya mijin yayarsa baƙin ciki, rabonsa da shebur kuwa wata biyu, bayansa ke ciwo. Jakar fa? Magani ne a ciki, in ji shi.

Insifekta bai ce a buɗe ba. Ya juya ga Sajan, ya ɗaga murya.

"Rubuta. Rami karkatacce, aikin ɗan koyo. Wanda ya yi shi ko akurkin kaji aka ba shi sai ya rushe."

Magini ya yi tari. Ya gyara zama.

"Ƙara da cewa tsawon hagu ya fi na dama."

"Ƙarya ne wallahi!" Magini ya miƙe zumbur, ciwon baya ya warke. "Sau uku na auna shi da igiya!"

Da aka buɗe jakar, kuɗi ne, ko rabin darajar filin ba su kai ba. Ya amsa cewa so ya yi kowa ya watse ya saye shi kaɗai.

Tela ya dube shi ya daɗe. "Da 'ya'yan yayarka za su kwana a waje, da ka iya barci a gidan?"

Magini ya sunkuyar da kai. Masu saye suka dawo, aka fara tayi, farashi na hawa. Sajan ya sa wa Magini ankwa ya tura shi mota. Har an rufe ƙofa ya leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, laifi na amsa. Amma don Allah a goge karkataccen nan daga takarda, kada alƙali ya karanta a gaban mutane."