Rabin Kwalbar Jam

"Wayyo Allah! Hannuna ne ya zame!" in ji Gimbiya.

Zuma ta tsaya a bakin ƙofar kicin, tana kallon kek ɗinta mai hawa uku a kife a ƙasa. Kwana biyu ta yi tana aikinsa. Furannin sukarin da ta jera ɗaya bayan ɗaya sun watse har ƙarƙashin firji.

Gimbiya ta dafe ƙirji tana zaro ido, amma gefen bakinta sai motsi yake yi.

"Ki yi haƙuri fa... wallahi taimaka miki na so in yi."

"Na gani," in ji Zuma. "Sannu da ƙoƙari."

Zuma mai gasa kek ce a wani babban otal. Sunan ma Likita ne ya laƙaba mata, tun ranar da ta je asibitinsa da ciwon haƙori ya yi ta yi mata faɗa a kan zaƙi, ita kuma washegari ta aiko masa da kek. Shekara guda ke nan suna tare, kuma shekara guda ke nan Mamansa na maimaita magana ɗaya: ɗanta ba zai auri mai aikin otal ba. Ita Gimbiya take so masa, 'yar aminiyarta, wadda ta san gidan nan kamar ɗakinta.

Yau Mama ta ajiye aikin shugabancin makaranta bayan shekara talatin da biyar, malamanta za su zo taya ta murna da ƙarfe huɗu. Da ƙyar Likita ya samu ta yarda Zuma ta kawo kek.

Shi ne ya shigo da sauri, ya ga ƙasa, ya riƙe kai.

"Innalillahi... Zumata! Bari in ruga shago in sayo wani."

"In miƙa wa Mama kek ɗin wani in ce nawa ne? Ƙarfe nawa yanzu?"

"Uku da minti biyar."

"Ya ishe ni. Je ka jera kujerunka, masoyi, ka bar mini nan."

Ya kalle ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya fita.

Ta tattare ɓarnar, ta wanke hannu, ta kunna obin. Ta shiga buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya. Akwai fulawa, akwai bota da madara da bakin hoda. A kwando ta samu tuffa biyar da suka fara yamushewa da mangwaro biyu. Sukari ne kawai ya ba ta kunya, bai fi cokali uku ba a gindin gwangwani.

"Wannan na saman ne," ta ce a ranta. "Da me zan zaƙaƙa na ƙasan?"

Gimbiya, da ke jingine da bango tana latsa waya, ta ɗago.

"Zaƙi kike nema? Tsaya."

Ta durƙusa gaban firji, ta zura hannu can bayan kayan miya, ta zaro wani abu a naɗe cikin baƙar leda. Kwalbar jam ce, saura rabi.

"Ragowa ce, ba mai ci. Gara ma ki rage mana tarkace."

Zuma ta buɗe, ta shinshina, ta lakata ta ɗanɗana. Sai da ta lumshe ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Oho."

Ba ta da lokacin tambaya ta biyu. Ta feraye tuffa da mangwaro, ta yanka su ƙanana a kwanon gashi, ta juye jam ɗin kaf a kai, ta matsa lemun tsami, ta cakuɗa. A wani kwanon ta murtsuke fulawa da bota da yatsu har suka koma kamar tsaki, ta zuba sukarin da bakin hoda da ɗan gishiri, ta kwaɓa da madara. Cokali-cokali ta riƙa ɗiba tana ɗorawa a kan 'ya'yan itacen, ba ta damu da daidaitawa ba, ta tura obin.

Kafin rabin awa ƙamshi ya cika gidan.

Ƙamshin ne ya fito da Mama daga ɗaki, da kwalliyarta da tabaronta, Likita na biye da ita. Ta tsaya a tsakiyar kicin tana jan numfashi. Sai idonta ya sauka a kan kwalbar, an wanke ta tas an kife a gefen famfo.

"Wa... wa ya taɓa wannan?"

"Mama, wallahi na hana ta!" Gimbiya ta yi caraf. "Na ce mata ba a taɓawa, ta ce ai ragowa ce!"

Likita ya jingina da ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Zuma... jam ɗin Baba ne."

Wata biyar da rasuwar Baba. Duk shekara da kansa yake dafa jam da mangwaron bayan gida, ba ya barin kowa ya sa masa hannu. Wannan ce kwalba ta ƙarshe, kuma shi ya ci rabin da babu.

Zuma ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mama, ni na juye shi da hannuna, ki gafarce ni. Ban san na Baba ba ne. Miƙo mini aka yi."

"Ƙarya take yi!"

"Fita mini daga gida," in ji Mama.

"Mama, don Allah..."

"Kai, rufe mini baki!"

Zuma ta dubi agogon bango, ta dubi obin.

"Zan fita, Mama. Amma saura minti huɗu ya gasu. Abin da ya rage na hannun Baba duk yana cikin kwanon nan, ba zan tafi in bar shi ya ƙone ba."

Minti huɗun nan a tsaye suka yi su.

Zuma ta sa tsumma ta fito da kwanon. Saman ya yi ja, jam ɗin na tafasa yana ɓulɓulowa ta gefe. Ta ɗiba a ƙaramin faranti, ta ajiye a gaban Mama da cokali, sannan ta ɗauki jakarta.

Har ta kai ƙofa ta ji ƙarar cokali.

"Tsaya."

Ta juyo. Mama ta cire tabarau, hawaye na bin kumatunta.

"Wata biyar ina buɗe kwalbar nan in shinshina in mayar. Na kasa ci, na kasa zubarwa." Ta ƙara kai cokali baki. "Sau uku ina gwada dafa irinsa, ko kusa bai yi ba."

"Ɓawon lemu yake sawa, Mama," in ji Zuma a hankali. "Da ɗanyar citta kaɗan. Kuma yana haɗawa da mangwaron da bai gama nuna ba, shi ne ɗan tsamin nan da ke zuwa daga baya."

Mama ta zuba mata ido.

"Ɓawon lemu! Shi ya sa yake hana ni zubarwa... ni ina cewa maganin sauro yake yi da shi!"

Dariya ta ƙwace mata a cikin kukan. Ta share fuska, ta mayar da tabarau, ta juya wajen Gimbiya. Muryar shugabar makaranta ce ta dawo.

"Ke. Yarinyar da yau ta fara taka kicin ɗin nan, ya aka yi ta san akwai kwalba a bayan kayan miya cikin baƙar leda? Ni da ke muka wanke firjin nan makon jiya."

"Mama, ni fa..."

"Shekara talatin da biyar ina sauraron ƙaryar yara. Ɗauki mayafinki ki tafi gida, zan kira uwarki."

Gimbiya ta fita fuu, ko sallama babu.

Baƙi suka zo, suka ci, suka kankare kwanon har gefe. Da wata malama ta tambayi wa ya yi, Mama ta nuna Zuma da haɓa, ta ce, "'Yata ce." Likita ya kusa ƙwarewa da shayi.

Da aka watse, Zuma ta durƙusa za ta yi sallama.

"Wannan aikin otal ɗin naki..." Mama ta fara.

"Sana'ata ce, Mama, ina alfahari da ita. Ba zan yi miki ƙarya in ce zan bari ba."

"Na ce ki bari? Ku yaran yanzu ba ku barin mutum ya kai aya. Cewa zan yi ki nemi hutu. Kawunnansa za su zo gidanku ranar Asabar, ki gaya wa mahaifinki."

Likita ya rako ta bakin mota, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Zumata, abin ƙaunata... bari in kira Abbanku yanzu ya fara shiri!"

"Tun makon jiya na ce masa ya shirya."

Ya tsaya cak.

"Makon jiya? Da ma kin san za ta yarda?"

"Ban sani ba." Ta buɗe ƙofar mota, ta kalle shi ido cikin ido. "Na dai san ba zan haƙura da kai ba."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura musu aure, kuma Mama da kanta ta riƙo hannun amarya ta shigo da ita gida.