Hular Kwano a Bayan Buhun Gawayi

A Zongon Lome akwai wata yarinya mai taurin kai. In ta ce a'a, to sai dai a yi haƙuri. Babanta ɗan zemijan ne, wato yana ɗaukar fasinja a babur.

Ranar bikin rufe makaranta, yayarta Muhsinat ta rangaɗa mata kitso mai tudu a tsakiya. Yarinyar ce aka zaɓa ta karanta jawabin ajinsu da Faransanci.

"Yau kam ba na sa hular kwano," in ji ta. "Danne mini kitso za ta yi."

"Za ki sa," in ji Mma, mahaifiyarta. "Kai ɗaya Allah ya ba ki."

Ta faki idon Mma, ta cusa hular bayan buhun gawayi.

Baba ya nema har ya gaji.

"Ina hularki?"

"Ni ban gan ta ba," in ji ta, ko kunya babu.

Ta ɗauka ta yi dabara. Ina! Sai Baba ya cire tasa ya kifa mata, ya ja igiyar tam.

"Baba, ta yi mini yawa."

"Ko ki tafi da ita, ko ki zauna gida."

Ta hau tana kumbure-kumbure. Baba ya ja babur, kansa a buɗe.

Sun kusa shataletale sai wata motar kaya ta shigo musu ba ko hon. Baba ya kauce, taya ta zame a yashi. Suka zube a bakin kwata.

A asibitin Tokoin aka yi wa Baba ɗinki bakwai a goshi. Ita kuwa gwiwar hannu kawai ta ƙuje. Amma rigar bikin ta yage, jawabin kuma wata ce ta karanta.

Washegari Mma ta tashi da suyar masa.

"Ɗauki tiren nan ki raba wa maƙwabta. Sadakar godiya ce."

Yarinyar ta murguɗa baki.

"Godiyar me, Mma? Rigata ta yage. An ba wata jawabina. Ni ba inda zan je."

Mma ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da hular Baba, ta ɗora mata a cinya.

"Juya bayanta."

Ta juya. Hular ta tsage tun daga sama har ƙeya.

"Sa yatsanki a ciki," in ji Mma.

Yatsan ya shige duka.

"Nan ne kanki ya bugi bakin kwata. Riga kuwa, gobe tela zai ɗinke ta."

Yarinyar ta dubi Baba a kan tabarma, kansa naɗe da farin bandeji. Tsoro ya kama ta, kunya ta rufe ta. Ta tashi ta nufi buhun gawayi, ta dawo da ƙaramar hular, duk ta yi baƙi.

"Baba, ni na ɓoye ta. Da ban ɓoye ba, da taka tana kanka." Sai ta fashe da kuka.

Baba ya dube ta, ya ce:

"Kin yi laifi, kuma ƙaryar ta fi mini ciwo. Amma ga ni, ga ki. Alhamdu lillahi. Zo nan."

Ta durƙusa, ya dafa kanta.

"Kin gani? Kitson ma bai danne ba," in ji Muhsinat. Baba ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi.

Yarinyar ta share hawaye, ta ɗauki tiren masa. Gida-gida ta bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce, "Allah ne ya bar mini Babana."

Daga ranar ta daina wasa da hular kwano. Ta kuma gane cewa in Allah ya tsare rai, godiya ake yi, ba kukan riga ba.