Layin da Ba a Yankewa

A ajin horar da shugabannin gonaki a Gadarif Kassim ya fara ganin Lauratu. Ita ce malamar, darasinta kuwa yadda shugaba zai karanci zuciyar mutanensa. Shi wakilin wata gonar riɗi ne a Simsim, mutumin da ya ɗauka tsawa ce rabin aiki.

"Ustaz, yaushe rabonka da tambayar ma'aikaci abin da ke damunsa?" ta ce.

Gogan naka zuciyarsa ta tafi a take.

Zamanin ba na tsayuwa da budurwa a titi ba ne, 'yan sanda na sa ido, sai saƙon waya.

"Malamata, na ci jarrabawa?"

"Da saura, ɗalibina, amma ina jiranka."

Da ya nemi aurenta, mahaifinta Mato ya ƙi. "La, wallahi. Zol ɗin nan, mutumin da ma'aikata saba'in ke wa aiki ba mai iya ko tari, ba zan ba shi 'yata ba."

Gaskiya ya faɗa. Da tsakar rana gonar tsit take kamar maƙabarta, sai ƙarar lauje. Akwai kuma layi guda da masu yanka ke tsallakewa, da kofin ruwa a bakinsa. Kullum a cika shi, kullum a tarar da shi wayam, ba sawun mutum, ba na dabba. Kassim ya ɗauka lalaci ne, ya ce a yanke. Suka ajiye lauje, suka zuba masa ido. Riɗi kuwa in ya nuna zubewa yake, ba ya jira.

Kassim ya rubuta wa Lauratu, ta amsa: "Habibi, bar umarni. Tambaye su."

Ya zauna a ƙasa ya tambaya. Wani dattijo ya ce, "Layin Sale ne, ya wakil. Bara ya ce maka zazzaɓi yake yi, ka ce ya ƙarasa. Nan ya faɗi yana roƙon ruwa, bai tashi ba."

Kassim ya kasa tuna ko fuskar Sale, abin da ya sa shi kuka ke nan. Ya ce a bar layin, aka yanke sauran. Ya tafi Basunda ya durƙusa gaban Talatu, mahaifiyar mamacin, kwana uku yana sintiri kafin ta dube shi.

Mato ya ji labari ya ce, "Halas, shi ke nan, ya turo magabatansa."

Ranar lallen ango, mata na ta guɗa, wata tsohuwa ta ratso taron ta karɓi kwanon lallen. Talatu ce. Ta kama tafin Kassim tana shafawa.

"Salena na so in yi wa," ta ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana."